Shin 'yan Katolika da ayyukansu suke neman ceto?

Tambaya: Baba Malam, ni 'yar ECWA ce, a cikinta aka haife ni, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa. Wanda zan aura ɗan Katolika ne. Kawuna, wanda dattijo ne a ikilisiyarmu, ya ce 'yan Katolika da ayyukansu suke neman shiga sama, ba su san alheri ba. Mahaifiyar saurayina kuma ta ce mu 'yan Furotesta da baki kawai muke cewa mun ba da gaskiya, sai mu ci gaba da yin abin da muka ga dama. Don Allah wane ne ke da gaskiya a cikinsu? Abin ya hana ni barci.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki yanke wa kowa hukunci. Bari ki san inda nake tsaye tun da fari. Ni ɗan Furotesta ne, na daɗe ina koyar da tauhidi da tarihin ikilisiya, kuma ba zan ɓoye miki ɓangaren da na ga ya fi kusa da nassi ba. Amma da kawunki da surukarki, kowannensu ya ɗora wa ɗayan ɓangaren maganar da bai faɗa ba. Akwai saɓani na gaske tsakanin ɗarikun nan biyu, sai dai ba a wurin da su biyun suka nuna yake ba.

Mu fara da maganar kawunki. Koyarwar da ke cewa mutum zai iya gyara kansa da ƙoƙarinsa har ya cancanci ceto tsohuwa ce, kuma tana da mai ita. Wani malami ne mai suna Pelagius, wanda ya yi zamani a Rum wajen shekara ta 400. Wanda ya tashi tsaye ya yaƙe ta shi ne Agustin, bishop na garin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Taron bishop-bishop na Carthage ya yi tir da koyarwar Pelagius a shekara ta 418, taron Orange na shekara ta 529 kuma ya ƙara da cewa ko somawar bangaskiya a zuciyar mutum baiwa ce ta Allah. Cocin Katolika tana riƙe da waɗannan hukunce-hukunce har gobe. Ko taron shugabannin Cocin Katolika na garin Trent, wanda aka kira musamman don a mayar wa 'yan Furotesta martani, da ya fitar da matsayarsa kan baratarwa, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, ranar 13 ga Janairun 1547, hukuncinsa na farko cikin 33 cewa ya yi duk wanda ya ce mutum zai barata a gaban Allah da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba, la'ananne ne. Littafin katikisim na Katolika da aka wallafa a 1992 ya maimaita wannan a sakin layi na 2010: babu mai iya cancantar alherin farko na gafara da baratarwa. Ki nemi littafin a wurin saurayinki ki karanta da idonki, gani ya kori ji. Saboda haka cewa ɗan Katolika bai san alheri ba shaidar zur ce, ko da mai faɗar bai yi nufin ƙarya ba. Ina faɗin haka da girmamawa ga kawunki, domin yawancinmu haka muka taso muka ji.

Maganar surukarki ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Takardar shaidar bangaskiya da mabiyan Martin Luther, jagoran farko na 'yan Furotesta, suka gabatar wa sarki Charles na biyar a Augsburg a 1530 ta ce a sashe na 6 dole bangaskiya ta haifi 'ya'ya masu kyau, sashe na 20 kuma ya soma ne da ƙaryata zargin cewa suna hana ayyuka nagari. Luther da kansa, a gabatarwar da ya rubuta wa wasiƙar Romawa, ya ce raba ayyuka da bangaskiya ba ya yiwuwa, kamar yadda ba a raba zafi da haske daga wuta. John Calvin, wani babban jagoran Furotesta, ya ce bangaskiya kaɗai ke baratarwa, amma bangaskiyar da ke baratarwa ba ta zama ita kaɗai. Mutumin da ya ɗaga hannu a taron farkawa ya koma gida yana cin dukiyar marayu, babu wani uban Furotesta da zai kira shi mai bi.

To, in haka ne, me ya raba su har aka zubar da jini a Turai shekara da shekaru? Ruwa ba ya tsami banza. Martin Luther ɗan zuhudu ne a ƙungiyar Agustin, malamin Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg ta ƙasar Jamus. Mutum ne da tsoron hukuncin Allah ya addaba. Yana azumi, yana tsayuwar dare, yana ɗaukar sa'o'i yana furta zunubansa ga shugabansa Staupitz, amma da ya fito sai ya tuna wani da bai faɗa ba. Tambayarsa ɗaya ce: yaushe zan san na yi abin da ya isa? Cikin nazarin Romawa 1:17 ne ya gane cewa adalcin Allah da bishara ke bayyanawa kyauta ce da Allah ke bai wa mai zunubi ta wurin bangaskiya, alhali dā yana ɗaukarsa ma'aunin da za a kama shi da shi.

Ana cikin haka sai ga Johann Tetzel yana yawo gari-gari yana sayar da takardun rangwamen horon zunubi. Wani kaso na kuɗin na ginin majami'ar Bitrus ne a Rum, wani kason kuma na biyan bashin da Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci a bankin gidan Fugger don samun kujerarsa. Hakimin ƙasar su Luther, Frederick, ya hana cinikin a yankinsa, sai talakawa suka riƙa tsallaka iyaka zuwa garin Jüterbog su sayo. Har kirari ake danganta wa masu sayarwar, wai da zarar kwabo ya yi ƙara a cikin akwati, ran mamaci ya fita daga wurin horo. Ki dubi lamarin da idon fasto: mutumin da ka sani, ka san zunubinsa, ya zo wurinka babu nadama a fuskarsa, ya miƙo maka takarda mai hatimi ya ce ya riga ya biya. Wannan ne ya sa Luther ya rubuta batutuwa 95 ya aika wa Albrecht ranar 31 ga Oktoban 1517. A 1521 Fafaroma Leo na goma ya kore shi daga coci. Gaskiya kuwa ko malaman tarihi na Katolika ba sa kare abin da Tetzel ya yi, kuma a 1567 Fafaroma Pius na biyar ya soke duk wani rangwame da ya haɗa da biyan kuɗi. Amma kafin nan gardamar ta riga ta wuce batun kuɗi, ta kai ga ainihin tambayar: me ke faruwa sa'ad da Allah ya baratar da mai zunubi?

A nan nake so ki natsu, domin nan ne gizo ke saƙar. Ɗauki mutumin da bashi ya yi masa katutu har aka kai shi kurkuku, ga shi kuma da ciwo mai tsanani a jikinsa. Wani mai jinƙai ya zo ya biya bashin duka, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa. Ɗan Furotesta zai ce miki abubuwa biyu ne suka faru, kuma kada a gauraya su. Na farko, alƙali ya buga hatimi ya ce an sallame shi, ba don komai da ke jikinsa ba sai don biyan da wani ya yi. Wannan ita ce baratarwa, an gama ta gaba ɗaya, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Na biyu jinya ce, wato tsarkakewa, wadda ke somawa nan take ta ci gaba har mutuwa. Amma sallamar ba ta rataya a kan yadda jinyar ke tafiya ba. Ɗan Katolika kuwa zai ce aiki ɗaya ne. Allah ba ya kiran mutum mai adalci ya bar shi yadda yake, in ya faɗa to ya aikata. Yana zuba ƙaunarsa a cikin zuciya ta wurin Ruhu Mai Tsarki, tun daga baftisma, har mutumin ya zama mai adalci da gaske a cikinsa. Don haka a wurinsu baratarwa ta ƙunshi gafara da sabuntawa tare, tana iya ƙaruwa yayin da mutum ke ba alherin Allah haɗin kai, tana kuma iya ɓacewa.

Daga wannan tushe ne sauran bambance-bambancen suka tsiro. Luther ya ce mai bi adali ne kuma mai zunubi ne a lokaci guda: adali domin an lissafta masa adalcin Almasihu, mai zunubi domin muguwar sha'awa na nan a cikinsa. Trent ya ce sha'awar da ke saura bayan baftisma tana jan mutum zuwa zunubi, amma ita kanta ba zunubi ba ce sai an biye mata. Katolika sun raba zunubi gida biyu, mai kisa da mai sauƙi. Wanda ya aikata babban laifi da saninsa da kuma yardarsa ya fita daga halin alheri, hanyar komowa kuma ita ce tuba da furta zunubi a gaban Fada. Wanda ya mutu cikin alheri amma da sauran dauɗa a jikinsa, sun ce za a tsarkake shi kafin ya ga Allah, abin da ake kira Purgatori. Ki lura, a koyarwarsu wannan wuri na waɗanda cetonsu ya riga ya tabbata ne, ba dama ta biyu ba ce ga wanda ya ƙi Allah. Suna kafa hujja da 1 Korantiyawa 3:15 da kuma 2 Makabi sura 12, littafin da ke cikin 73 na Littafi Mai Tsarki nasu amma ba ya cikin 66 namu. Ni ban ga nassin da zai ɗauki nauyin wannan koyarwa ba, kuma maganar da Yesu ya yi wa ɓarawon nan a kan gicciye a Luka 23:43, cewa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi, ta fi mini ƙarfi.

Sai batun lada. Katolika na koyar da cewa ayyukan wanda ya riga ya barata, waɗanda ya yi da ikon Ruhu, suna da lada na gaske har zuwa rai madawwami. Amma suna biyo wannan da maganar Agustin cewa in Allah ya naɗa wa cancantarmu rawani, baiwarsa ce yake naɗa wa. Mu ma mun yarda akwai sakamako, Yesu ya faɗa sau da yawa. Abin da muke gudu shi ne a sa sakamakon cikin harsashin karɓuwarmu a gaban Allah.

Kowane ɓangare yana da ayoyinsa, kuma duka a littafi ɗaya suke. Bulus ya ce a Romawa 3:28 mutum na barata ta wurin bangaskiya ba tare da ayyukan shari'a ba, a 4:5 kuma ya ce Allah na baratar da marar tsoron Allah. Yakubu 2:24 ya ce ta wurin ayyuka mutum ke barata, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Wannan aya ta dami Luther har ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa, wato marar nauyi, a gabatarwarsa ta 1522, kuma a nan bai kyauta ba. Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su duba wanda kowane manzo ke magana da shi. Bulus na fuskantar masu cewa sai Ba'al'umme ya yi kaciya ya kiyaye shari'ar Musa kafin Allah ya karɓe shi. Yakubu na fuskantar wanda ya ga ɗan'uwansa tsirara da yunwa ya ce masa ka sauka lafiya, Allah ya ƙosar da kai, bai ba shi ko loma ba. Irin wannan bangaskiya, in ji Yakubu, ko aljanu suna da ita. Dukansu sun kawo Ibrahim, Bulus daga Farawa 15 inda ya gaskata alkawari, Yakubu daga Farawa 22 inda ya miƙa Ishaku. Mu kuma 'yan Furotesta mun iya haddace Afisawa 2:8 da 9 mu tsaya, alhali aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Matiyu 25 ma na nan, inda Sarki ke tambayar abinci da ruwa da tufafi da ziyarar kurkuku. Ɗan Katolika da ya nuna miki waɗannan ayoyi ba daga aljihunsa ya ciro su ba.

An yi ƙoƙarin sasantawa tun da wuri. A Regensburg a 1541, Melanchthon da Bucer daga ɓangaren Furotesta, da Eck da Gropper daga na Katolika, a ƙarƙashin idon Kadinal Contarini, sun amince da rubutu ɗaya kan baratarwa. Rum ba ta karɓa ba, Luther ma bai karɓa ba, aka tashi baran-baran. Sai bayan shekara 458, ranar 31 ga Oktoban 1999 a Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa. Zuciyarta na sakin layi na 15, inda suka shaida tare cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don wata cancantarmu ba, Allah ke karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki, wanda ke sabunta zukatanmu yana kiranmu zuwa ayyuka nagari. Sun ce la'anar da aka yi wa juna a ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar kamar yadda aka bayyana ta a wannan takarda ba. 'Yan Methodist sun shiga a 2006, majalisar Anglican ta amince da jigonta a 2016, tarayyar Reformed ta shiga a 2017. Abin bai yi nisa da mu ba, domin LCCN, cocin Lutheran ta Najeriya mai hedkwata a Numan, tana cikin Tarayyar Lutheran ɗin, kuma babban bishop ɗinta Musa Panti Filibus ne ya shugabanci tarayyar daga 2017 zuwa 2023. Fafaroma Benedict na 16 ma ya faɗa a watan Nuwamban 2008 cewa kalmar Luther ta bangaskiya kaɗai gaskiya ce muddin ba a raba bangaskiyar da ƙauna ba.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Malaman tauhidi fiye da ɗari a Jamus sun ƙi takardar tun kafin a sa hannu, 'yan Lutheran na Missouri a Amurka sun ƙi ta, ECWA kuma ba ta cikin ƙungiyoyin da suka sa hannu. Takardar ba ta warware batun Purgatori ko rangwame ko ikon Fafaroma ba.

Kin tambaye ni wa ke da gaskiya, ga nawa hukuncin. Inda na tsaya tare da Luther ba tare da jijjiga ba shi ne kan tabbacin ceto. Trent ya ce babu mai iya sanin cewa yana cikin alheri da irin tabbacin da ba ya kuskure, domin mutum na iya shakkar kansa ko da ba ya shakkar Allah. Na fahimci tawali'un da ke cikin wannan magana. Amma in karɓuwata ta rataya ko da kaɗan a kan yawan sabuntawar da ke cikina, to ba ni da ranar hutu, domin na san zuciyata. Bulus ya ce a Romawa 5:1 da yake mun barata ta wurin bangaskiya muna da salama da Allah, kuma yanzu yake nufi. Sai dai ki sani mu kanmu ba bakinmu ɗaya ba. Mabiyan Calvin sun ce wanda aka ceta da gaske ba ya ɓacewa, mabiyan Wesley (uban 'yan Methodist) da na Luther sun ce mai bi na iya juya baya ya fāɗi.

Laifi kuma tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na taɓa zuwa asibiti gaida wata tsohuwa, shugabar zumuntar mata ta shekaru masu yawa a wata majami'armu. Ta kama hannuna, muryarta da ƙyar take fita, ta soma lissafa mini: ba ta taɓa fashin zakka ba, ita ke share majami'a ranar Asabar, ta riƙe 'ya'yan kishiyarta kamar nata. Sannan ta ce, Malam, kana ganin ya isa? Wannan baiwar Allah ta ji wa'azin alheri tun tana yarinya, amma a bakin mutuwa lissafi take yi. Na buɗe mata Luka 18, labarin mai karɓar haraji da ya bugi ƙirji ya ce Allah ka ji tausayina ni mai zunubi, ya koma gida baratacce. A ɗaya gefen kuma, katikisim ɗin Katolika ya kawo addu'ar Teresa ta Lisieux, 'yar zuhudun Faransa da ta rasu a 1897 tana da shekara 24, wadda ta ce a yammacin rayuwarta za ta bayyana gaban Allah hannu wofi, ba ta roƙonsa ya ƙirga ayyukanta. A tsohuwar addu'ar Mas, wato babbar sujadarsu, ma suna roƙon Allah ya karɓe su ba da auna cancantarsu ba sai da yalwar gafararsa. Yau kuwa in kina neman magadan Tetzel, sau da yawa a ƙarƙashin tutar Furotesta za ki same su, masu cewa ka shuka iri na naira dubu kaza Allah ya buɗe maka ƙofa. Wannan ya fi ci mini rai fiye da duk abin da ke cikin takardun Trent.

Game da aurenki, kada ki shiga da ido a rufe. Cocin Katolika na karɓar baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, tun taron Vatican na biyu kuma, a 1964, take kiranmu 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ba za a tilasta miki zama 'yar Katolika ba. Amma saurayinki na bukatar izinin bishop ɗinsa, kuma zai yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'yanku baftisma a kuma rene su a Katolika. Ke ba za a sa ki yin alkawarin ba, sai dai dole a sanar da ke. A ƙa'idarsu kuma ba za ki ci Jibin Ubangiji tare da shi a Mas ba. Waɗannan su ne za ku yi ta karo da su kowace Lahadi, don haka ku zauna ku biyu ku tattauna su tun yanzu, ki ga fastonki, shi ma ya kai ki wurin Fadansa. Ki kuma tambaye shi kai tsaye, in ya tsaya gaban Allah yau, da me zai dogara. Ki ba shi dama shi ma ya yi miki tambayar, ku buɗe Romawa sura 3 zuwa 5 da Yakubu sura 2 ku karanta tare kafin iyaye su sa rana.